Me Za A Tarar A Kufanmu?

Ga wata tambaya da mu ke so mu shimfiɗa a gabanku, kowa ya auna ta da hankalinsa. A ce yau duniyar nan ta birkice, ko da yaƙi, ko da annoba, ko da wata masifa da Allah kaɗai ya san irinta, birane su watse, wutar lantarki ta ɗauke ba ta ƙara dawowa ba, ma'aikata su bar wuraren aikinsu, sauran waɗanda suka tsira su koma neman abin sawa a baka. To, in an yi shekara ɗari, ko dubu, ko dubu goma, waɗansu mutane suka zo suna tonon kufanmu, me za su tarar? Za su san sunanmu? Za su iya karanta abin da muka rubuta, ko kuwa sai dai su tsaya bisa tarkacenmu suna tambayar juna ko su wane ne suka zauna nan?

Kada wani ya ce wannan zancen 'yan hira ne. Mu da a ke horarwa don mu zama malamai, sana'armu ke nan ɗungum, watau mu karɓi abin da na gaba suka sani mu miƙa wa na baya. Mai ɗaukar kaya kuwa ya kamata ya duba buhun da ya zuba su, ko yana da huda. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, ba a taɓa yin zamanin da ya tara rubutu kamar namu ba, ba a kuma taɓa yin wanda ya ajiye rubutunsa cikin abu marar ƙarko kamar namu ba. In muka watse, jujinmu zai fi ilminmu daɗewa. Abin da zai iya hana haka ɗaya ne, shi ne a sami mutane masu juya littattafai da koyar da karatu. Bari mu bi abin daki-daki, mu fara da wanda zai riga mutuwa.

Wanda zai riga mutuwa shi ne wanda mu ke fi taƙama da shi, watau rubutun da ke cikin kwamfuta da wayar hannu. Rubutun allo ko na takarda, in kana da ido da hasken rana, ka kuma yi karatu, shi ke nan. Amma na kwamfuta sai abu huɗu sun haɗu kafin ka ga ko da harafi ɗaya. Sai da wutar lantarki, sai faifan da aka ajiye rubutun bai lalace ba, sai da injin da ya san irin wannan faifai, sai kuma da tsarin da ke mai da lambobin cikinsa su zama haruffa. Ɗaya ya ɓace, sauran ukun sun tashi a banza. Tashoshin lantarki kuwa ba su jimre wa rashin mai tsaro. In ma'aikata suka tafi, cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki za su tsaya. Manyan gidajen nan da a ke jera injuna dubbai a ciki, inda wasiƙunmu da hotunanmu su ke zaune, suna da injin wuta na ko-ta-kwana, amma shi ma sai da mai, ran da man ya ƙare ya yi shiru. Su kansu ma'ajiyan rubutun ba su da tsawon rai. Irin na cikin waya, ɗan lantarki ne ƙanƙane a ke tsarewa cikin waɗansu 'yan ɗakuna da ido ba ya gani, yana kuwa zurarewa a hankali kamar ruwa cikin sabuwar randa, har in an daɗe ba a sa masa wuta ba rubutun ya fara gogewa. Kaset na maganaɗisu ya fi shi ƙarko, duk da haka masu yinsa da kansu shekara 30 su ke ba shi, in an ajiye shi wuri mai sanyi marar laima.

Ba sai duniya ta rushe za mu ga wannan ba, an riga an gani tana zaune lafiya. A shekarar 1086 aka gama wani babban littafin ƙidaya na ƙasar Ingila, wanda Sarki Wiliyam ya sa aka yi don ya san gonaki da dabbobi da harajin kowane gari. Sunansa Domesday, an rubuta shi da tawada bisa fata. Da ya cika shekara 900, watau a 1986, sai gidan rediyon BBC ya ce bari ya yi irinsa na zamani. Mutum fiye da miliyan guda suka sa hannu, yawancinsu 'yan makaranta kamarmu, suka rubuta labarin garuruwansu, suka ɗauki hotuna, aka zuba duka cikin waɗansu faya-fayai masu ƙyalli da a ke karantawa da haske. Ba a kai ko'ina ba injunan da ke karanta su suka ƙare a kasuwa. A 2002, shekara 16 kacal, sai da masana na jami'o'in Ingila da Amurka suka yi ta fama kafin su ceto abin da ke ciki. Shi kuwa tsohon na fata yana nan a ma'ajiyar takardun gwamnati a Landan, duk wanda ya iya Latin ya buɗe ya karanta. Haka kuma saukar mutum a wata a 1969. A 2009 hukumar NASA ta faɗa da bakinta cewa ainihin kaset ɗin da suka ɗauki hoton tun farko, ga alama an goge su an sake ɗaukar wani abu a kansu. Abin da ya tsirar da hoton shi ne kwafin da gidajen talabijin suka ajiye. A 2024 kuma cibiyar bincike ta Pew a Amurka ta ƙidaya, ta tarar cikin kowane shafi 100 na intanet da a ke iya buɗewa a 2013, 38 sun ɓace kafin ƙarshen 2023. In haka a ke asara ga wuta ga ma'aikata, ina ga ran da babu su?

Bayan injuna sai takarda. Nan ma akwai abin mamaki, domin tsohuwar takarda ta fi sabuwa lafiya. Mutanen da da tsumma su ke yin takarda, na auduga ko na lilin. Littafin da Gutenberg ya buga a Jamus wajen 1455, kamar kwafi 180 aka yi, yau 49 suna nan, waɗansu cikakku waɗansu da giɓi, ganyensu kuwa bai ruɓe ba. Takardar nan mai tambarin jinjirin wata uku da fatake su ke kawowa daga Italiya, su ƙetaro hamada da ita, wadda malamanmu na Kano da Sakkwato da Barno suka yi ta rubutu a kanta, ƙarkonta ya sa har yanzu a ke samun kundin kakan kakanni cikin gafaka. Amma tun tsakiyar ƙarni na 19 aka koma yin takarda mai araha da niƙaƙƙen itace, tana da wani tsami a jikinta mai cin ta daga ciki. Ku duba jaridar da ta yi shekara 50, za ku ga ta yi ja, in an lanƙwasa ta ta karye kamar busasshen ganye. Ko takarda mai kyau ma tana da abokan gaba da kowa ya sani a ƙasar nan: gara, da kyankyasai, da ɓeraye, da yoyon ɗaki, da gobara. Ɗakin karatun da jinkarsa ta huje, damina biyu ko uku sun ishe shi. Inda takarda ta kan yi shekara dubu ba mai kula, sai wurin da Allah ya sa bushewa da duhu suka haɗu, kamar kogon Dunhuwang a ƙasar Sin, inda aka sami bugaggen littafi mai ɗauke da shekarar 868, ko kogunan gefen Tekun Gishiri, inda makiyaya suka tsinci naɗaɗɗun fatu a 1947 bayan sun yi wajen shekara 2,000.

To, gine-gine fa? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A 1986, da tashar nukiliya ta Carnobil ta fashe a ƙasar Yukiren, aka kwashe mutanen garin Pripyat, kusan su 50,000, cikin yini ɗaya. Ba a yi shekara 30 ba daji ya cinye garin, itatuwa suka tsiro a filin ƙwallo da kan rufin benaye, benayen kansu suka fara zubewa. A birnin Niyu Yok na Amurka, hanyoyin jirgin ƙasa da ke ƙarƙashin ƙasa sai an kwashe musu ruwa wajen galan miliyan 13 kowace rana, ko da ba a yi ruwan sama ba. Famfunan su tsaya, ramukan su cika. Ginin kankare da mu ke gani kamar dutse, ajalinsa yana cikin cikinsa, watau rodin da a ke sawa don ya ƙara masa ƙarfi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ya bi tsaga ya iske rodi, rodi ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki. Shi ya sa injiniyoyi su kan yi lissafin shekara 50 zuwa 100 ga yawancin irin waɗannan gine-gine. Rumawa kuwa ba su sa rodi ba. Ƙubbar haikalinsu na Fantiyon, mai faɗin ƙafa 142, ta yi kusan shekara 1,900 tana tsaye. Dalar Masar, da ba kome ba ce sai dutse bisa dutse, ta yi wajen 4,500. A nan gida ma, ganuwar dutse ta Surame, birnin Kanta na Kabi, da gasasshen tubalin Gazargamu a Barno suna nan a kufai, alhali gidajen ƙasa da ke kewaye da su sun koma ƙasa tuntuni.

Me zai saura ke nan? Juji. Kwalba da tangaran da tsingaro ba su ruɓewa, har yau ana tono kwalaben Rumawa ba su ko fashe ba. A birnin Rum akwai wani tudu mai tsawon ƙafa 115, ba kome a cikinsa sai fasassun tulunan man zaitun da aka yi ta zubarwa. Namu jujin ya fi nasu nesa ba kusa ba. An lissafa a 2017 cewa robar da 'yan Adam suka ƙera zuwa 2015 ta kai tan miliyan 8,300, mafi yawanta kuwa tana kwance a juji ko a ruwa. Kajin da a ke yankawa a duniya sun wuce miliyan 70,000 kowace shekara, ƙasusuwansu suna binne ko'ina. Ƙurar bama-baman nukiliya da aka yi ta gwadawa tun daga 1945 ta sauka ta kwanta cikin lakar tafkuna da ƙanƙarar ƙarshen duniya, ta zama layi da mai tono zai iya ganewa. Wani dafi daga cikinta, fulutoniyam, sai ya shekara 24,000 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi. Can sama kuma, inda babu ruwa babu iska, sawun ƙafar waɗanda suka taka wata yana nan, kumbo biyu masu suna Voyager da aka harba a 1977 suna tafe da faifan tagulla mai ruwan zinariya, wani ɗan tauraron ɗan Adam mai suna LAGEOS da aka harba a 1976 an ƙiyasta sai bayan shekara miliyan 8 zai faɗo. Ku duba wannan jeri da kyau. Leda da kwalba da ƙashin kaza da dafi, sai 'yan ƙarafa a wurin da ba mai iya zuwa ɗauka. Ina littattafan likitanci? Ina lissafi, ina shari'a, ina waƙa?

Wani zai ce, to ai sai mu sassaƙa ilminmu bisa dutse ko yumɓu, tun da su ne masu ƙarko. Gaskiya ne suna da ƙarko. Da aka ƙone birnin Nineba a Iraƙi shekara 612 kafin haifuwar Annabi Isa, wutar da ta cinye fadar ita ce ta gasa allunan yumɓu na ɗakin karatun Sarki Ashurbanifal, har aka tono fiye da 30,000, da cikakku da gutsattsari, a tsakiyar ƙarni na 19. Amma wanzuwar rubutu daban, wanzuwar mai karanta shi daban. Rubutun tsofaffin Masarawa, na ƙarshe da aka sani an sassaƙa shi a tsibirin Fila a shekarar 394. Daga nan masu karanta shi suka ƙare. Shekara fiye da 1,400 mutane suna wucewa ta gaban bangaye cike da magana, ba wanda ya san abin da su ke cewa, har wani Bafaranshe mai suna Champollion ya warware shi a 1822. Shi ma bai iya ba sai da taimakon dutsen Rashid da aka tsinta a 1799, wanda aka rubuta magana ɗaya a kansa da rubutu iri uku, ɗaya daga ciki na Yunanawa ne da ba a taɓa daina karantawa ba. Mutanen Marawi a Sudan ba su sami wannan sa'a ba. Tun 1911 aka gane yadda a ke furta haruffansu, amma harshen kansa kaɗan ƙwarai a ke fahimta. Rubutun tsofaffin biranen kogin Indus kuwa ko furta shi ba a iya ba.

Ku dawo gida ku gani. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono kawunan gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok a kudancin Kaduna, waɗanda suka haura shekara 2,000. Mun ga kitsonsu, mun ga duwatsun wuyansu, mun san an narka ƙarfe a ƙasarsu. Amma sunan da mu ke kiransu da shi sunan ƙauyen da aka tsince su ne. Ba mu san abin da su ke kiran kansu ba, ba mu san harshensu ba, ba mu san sunan sarkinsu ko ɗaya ba. A 1987 wani Bafillace mai haƙar rijiya a Dufuna, ƙasar Yobe, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon kusan ƙafa 28, wanda aka auna aka ga ya yi wajen shekara 8,000. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa sassaƙe bisa dutse tun zamanin da hamada ta ke da ciyawa da ruwa. Duk waɗannan hannun gwanaye ne ya yi su, duk kuma bebaye ne. Wannan ciwo ne ya dami mutanen Finlan, da suka haƙa rami mai zurfin fiye da ƙafa 1,300 cikin dutse a Onkalo don binne dattin nukiliya na shekara 100,000. Haƙa ramin aikin injiniya ne, an yi shi. Amma da wane harshe za a ce wa mutumin wancan zamani kada ya tona nan, tun da ba harshen da aka sani ya taɓa kai ko kashi ɗaya cikin goma na wannan tsawo ana fahimtarsa?

In mun waiwaya mun duba abin da ya iso gare mu da ransa daga mutanen da, watau wanda a ke karantawa a ke kuma amfani da shi, za mu ga kusan dukansa ta hannun masu juyi ya zo. Sofokilis, mawallafin wasannin kwaikwayo na Yunanawa, ya rubuta fiye da 120, bakwai kaɗai suka iso cikakku, su ne waɗanda malamai suka zaɓa suna koyarwa, a ke ta juyarsu daga hannu zuwa hannu. Littattafan likitanci na Jalinusu, waɗansunsu sun ɓace da harshen Yunanawa, sai da Larabci a ke samunsu, domin Hunainu ɗan Ishaƙa da almajiransa sun fassara su a Bagadaza a ƙarni na 9. Infaƙul Maisuri da Muhammadu Bello ya wallafa a 1812 ya yaɗu ne domin almajirai sun zauna sun juya shi da alƙalamin kara, kowa ya tafi garinsu da nasa. Alƙur'ani mai girma kuwa, kowa ya san yadda a ke riƙe shi a ƙasar nan: yaro ya rubuta a allo, ya haddace, ya wanke, ya sake rubuta na gaba. Tawadar ba ta kwana uku a kan allon, abin da ta rubuta kuwa ya haura shekara 1,400.

Gini ma haka ya ke. Babban masallacin Jenne a Mali na ƙasa ne, ginin yanzu na 1907 ne, da an bar shi da damina ta daɗe da narkar da shi. Amma kowace shekara mutanen gari su kan fito gayya su yaɓe shi. Hasumiyar Agadas mai tsawon kusan ƙafa 90, wadda aka fara ginawa wajen 1515 aka sabunta a 1844, itatuwan da ke fitowa a jikinta matakan masu yaɓe ne. A Japan akwai ɗakin ibada na katako a Ise da a ke rushewa a sake ginawa duk shekara 20, na 2013 shi ne karo na 62, an yi wajen shekara 1,300 ana haka. Hikimar da ke ciki ita ce, shekara 20 ta isa tsoho ya koya wa saurayi sassaƙa kafin ya mutu. Ashe ƙasa da katako in suna da masu kula sun fi kankare da ƙarfe da ba su da kowa.

Mun san akwai masu ja da mu, kuma maganarsu tana da nauyi. Na farko za su ce, in dai yawan kwafi ne magani, ai ba abin da ya kai kwamfuta, tun da cikin ƙiftawar ido ta kan yi kwafi dubu ta watsa su duniya. Haka ne, ba kuwa mu ce a yar da ita ba. Ta ceci littattafai da yawa, ta kai karatu inda ɗakin karatu bai taɓa zuwa ba. Amma kwafi dubu da duk su ke rataye a igiya ɗaya, watau lantarki da masana'antun injuna, ran da igiyar ta tsinke tare za su faɗo. Na biyu za su ce ai masu hankali sun riga sun yi tanadi. Gaskiya ne, tun 2017 akwai ma'ajiya cikin tsohon ramin kwal a tsibirin Sibalbad, can kusa da ƙarshen duniya na arewa, inda a ke ajiye rubuce-rubuce bisa fim. Madalla da wannan. Sai dai mu tambaya, mutumin da ke fama da abin da zai ci, wa zai gaya masa akwai wannan rami, da wane jirgi zai je, in ya je kuma wa ya koya masa karatu? Na uku za su ce duniya ba za ta rushe ba, mu daina tsorata yara. Allah ya sa haka. Amma rushewa ba lalle ta zo wa duniya duka rana ɗaya ba, ta kan zo gari-gari. A watan Satumba na 2018 gobara ta cinye gidan tarihi na ƙasar Birazil cikin dare ɗaya, da mafi yawan kayansa wajen miliyan 20, har da muryoyin harsunan da masu jinsu sun ƙare. A Janairun 2013 'yan bindiga suka hallaka littattafan hannu wajen 4,000 a cibiyar Ahmad Baba ta Tambutu. Abin da ya tsirar da sauran, masu ɗimbin yawa, shi ne mutanen gari da suka zuba su cikin akwatunan ƙarfe, suka fitar da su a ɓoye cikin motoci da jiragen ruwa zuwa Bamako, da ransu a hannu.

Saboda haka ga abin da mu ke roƙon 'yan'uwa da shi, tun da da sanyin safiya a kan kama fara. Duk abin da mu ka ga yana da daraja, kada mu bar shi cikin waya kaɗai. A buga shi bisa takarda mai kyau, a yi kwafi da yawa, a rarraba su gari-gari, ɗaya a makaranta, ɗaya a gida, ɗaya wurin wani malami. In mun tafi hutu, kowa ya sayi littafin rubutu ya zauna gaban tsofaffin garinsu, ya rubuta jerin sarakuna, da sunayen itatuwa da amfaninsu, da yadda a ke jima da rini da ƙira da ginin soro, domin tsoho ɗaya in ya tafi ba a sake buga shi. Mu kuma yi koyi da masu juyi na da, waɗanda in sun gama littafi su kan rubuta sunansu da garinsu da ranar gamawa, don na baya ya san inda abu ya fito. Wanda ya gaji kundi a gidansu ya fitar da shi ya kakkaɓe, ya ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, ya ɗauki hotonsa in ya so, amma kada hoton ya sa ya yi sakaci da uwar. Mu koyi ajami kamar yadda mu ke koyon boko, don kada takardun kakanninmu su zama mana irin na Marawi tun muna da rai. Inda hali ya yi, mu rubuta abu da harshe biyu gefe da gefe, kamar dutsen Rashid, ko ɗaya ya mutu ɗaya ya buɗe shi.

Babban cikinsu duka shi ne aikin da aka tara mu nan dominsa. Ran da aka ba mu aji, kowane yaro da muka koya wa karatu har ya iya koya wa wani, mun ƙara wa littattafan duniya shekara 50 ko 60 ke nan, shi kuma ya ƙara nasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, tsara ɗaya kuma ba ta riƙe ilmi. Jujinmu ba ya bukatar taimakon kowa, zai isa ga na baya ko muna so ko ba mu so. Ilminmu ne ba ya iya tafiya da ƙafarsa, sai an goya shi. Allah ya ba mu ikon goyawa, ya sa waɗanda za su zo bayanmu su same mu da magana a baki. Amin.